Gizo-gizo Mai Zaren Zinariya: Mazauninsa da Abin da Ke Barazana Gare Shi, Daga Tembe Zuwa Obi

Gizo-gizo mai saƙar faifai shi ne wanda ke ɗaura saƙa mai kewaye a sarari, tsakanin rassa biyu ko bishiyoyi biyu, saƙar da zaruruwanta ke fita daga cibiya zuwa gefe, sannan wani zare ya bi ta kansu yana kewayawa har ya cika tsakaninsu, saɓanin yanar da ake sharewa a kusurwar ɗaki wadda ba ta da wani fasali da ido zai bi. Nau'o'in gizo-gizon da masana suka rubuta a duniya sun haura 50,000, adadin da babban kundin sunayensu, wanda gidan adana tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi, ya cika a watan Afrilu na 2022, kuma sama da 3,000 daga cikinsu suna cikin babban dangin masu saƙar faifai da ake kira Araneidae.

A cikin masu wannan saƙa akwai wani reshe da ya fi sauran girman jiki da faɗin yana, wanda zarensa ke da launin rawaya mai sheƙi idan hasken hantsi ya faɗa masa, abin da ya sa ake yi masa laƙabi da mai zaren zinariya. A da masana suna tara su duka a ƙarƙashin suna guda, wato Nephila, amma a 2019 aka sake nazarin dangantakarsu aka mayar da mafi yawansu ƙarƙashin sunan Trichonephila. Wanda aka fi sani a filayen Afirka ta Yamma shi ne Trichonephila senegalensis, mai ƙafafu masu ratsin baƙi da rawaya, wanda aka rubuta tun a ƙarni na 19, kuma ake samunsa daga Senegal har zuwa Habasha da kudancin nahiyar, a ƙasar da bishiyoyi suka warwatsu cikin ciyawa, irin ƙasar da ƙaramar hukumar Obi ta Jihar Nasarawa take ciki. Wannan nau'in yana da yaɗuwa, don haka ba shi ne masana suka fi jin tsoron ɓacewarsa ba; wanda ya tayar musu da hankali ɗan'uwansa ne na kudu maso gabashin Afirka, kuma labarinsa ne ke nuna yadda halitta mai girma da kwarjini za ta iya kusantar ƙarewa ba tare da an san tana nan ba.

A shekarar 2000 wani masanin gizo-gizo ɗan ƙasar Sulobeniya, Matjaž Kuntner, yana duba gawarwakin da aka adana a wata cibiyar bincike a Pretoria ya ci karo da wata ƙatuwar tamata wadda ba ta yi kama da ko ɗaya daga cikin nau'o'in da aka sani ba, kuma takardar da ke jikinta ta nuna an kamo ta a 1978 a yankin Sodwana, a gaɓar tekun Afirka ta Kudu. Shi da abokin aikinsa Jonathan Coddington, na cibiyar Smithsonian da ke Amurka, sun yi ta tafiye-tafiyen nemanta a raye ba su dace ba, har suka fara zaton ko dai gaurayen nau'i biyu ce, ko kuma irin nata ya riga ya shuɗe. A 2003 aka sami ta biyu a wani gidan adana halittu a Biyana, babban birnin Ostiriya, wadda asalinta daga Madagaska take, alhali an bincika gawarwaki sama da 2,500 a gidajen adana halittu 37 ba a ƙara ganin wata ba. Sai daga baya wani mai bincike ɗan Afirka ta Kudu ya samo namiji ɗaya da mata biyu a gandun giwaye na Tembe, wanda hakan ya tabbatar da cewa nau'i ne mai zaman kansa kuma yana raye. A watan Oktoba na 2009 aka wallafa bayaninsa da sunan Nephila komaci, don tunawa da wani abokin Kuntner da ya rasu, kuma shi ne sabon nau'i na farko da aka ƙara a wannan reshe tun 1879. Jikin tamatar ya kusa santimita 4, ƙafafunta idan ta miƙe su sukan kai santimita 12, abin da ya sa ake ɗaukar ta mafi girma a cikin masu saƙar faifai da aka sani, yayin da namijin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na tsawonta ba.

Masanan biyu sun bayyana fargabar cewa nau'in yana cikin haɗari, domin wurin da kawai suka tabbatar yana zaune a lokacin shi ne dajin yashi na Tembe. Dajin yashi wani irin kurmi ne busasshe da ke tsiro a kan tsofaffin tuddan rairayi a yankin Maputaland, a iyakar Afirka ta Kudu da Mozambik, kuma idan aka sare shi ko aka tattake shi da wuya ya dawo yadda yake. Gandun Tembe, wanda aka kafa a 1983 a ƙasar al'ummar Tembe mai faɗin kusan murabba'in kilomita 300, an yi shi ne don giwaye, kuma a nan ne al'amarin ya zama abin lura, domin giwayen da aka killace suka hayayyafa su ne ke karya rassa suna buɗe hanyoyi cikin wannan daji, har masu kula da gandun suka shiga neman yadda za su kare kurmin daga dabbar da aka kafa gandun dominta. Shinge da doka, ke nan, ba su wadatar ba idan ba a san abin da ƙaramar halitta take bukata daga wurin ba.

Akwai misali na biyu da ya fi kusa da gidajen mutanen Najeriya. A jikin bango da ƙarƙashin rufin kwano da kututturen manyan bishiyoyi a sassa masu laima na Afirka ta Yamma ana ganin wani baƙin gizo-gizo mai kauri, Nephilingis cruentata, wanda ke haɗa saƙarsa da wani ɗan lungu na zare da yake ɓuya a ciki da rana, kuma ya saba da zama kusa da mutane har ya tsallaka teku ya kafu a Barazil. Ɗan'uwansa na jini, Nephilingis dodo, wanda aka bayyana a 2011, ba a samunsa sai a tsibirin Morishiyas, a cikin ragowar kurmin asali na tsibirin, wanda abin da ya saura daga cikinsa bai fi kashi 2 cikin 100 na ƙasar ba bayan an share sauran don noman rake. Yawan ganin ɗaya a bayan ɗaki ba ya ba da labarin halin da ɗayan yake ciki, kuma mai kallon da bai iya rarrabe su ba zai ɗauka duk gizo-gizo ɗaya ne, kuma yana nan birjik.

Fahimtar dalilin da ya sa wannan halitta take da tsananin zaɓen wuri tana farawa ne daga yadda ake gina saƙar. Gizo-gizo yana da wasu jakunkuna a cikinsa da ke haɗa ruwan zare, waɗanda a masu saƙar faifai sukan kai iri bakwai, kowace da irin zaren da take bayarwa, kuma ruwan yana daskarewa ya zama zare ne a daidai lokacin da ake jawo shi ta wasu ƙananan gaɓoɓi da ke ƙarshen cikin. Aikin farko shi ne gada: tamatar takan hau wuri mai tsayi ta saki siririn zare iska ta ɗauke shi har ya maƙale a wani reshe da ke ɗaya gefen, sannan ta bi ta kansa tana ƙarfafa shi. Daga wannan gada take saukar da zaren da zai zama iyakar saƙar, ta ja zaruruwan tsaye daga cibiya zuwa gefe, waɗanda ba su da danƙo kuma a kansu take tafiya, sannan ta shimfiɗa zaren kewaye mai ɗauke da ɗigo-ɗigon danƙo, wanda shi ne ke kama ƙwaro. A wurin mai zaren zinariya cibiyar ba ta zama a tsakiya, takan matsa sama, faɗin saƙar yakan kai mita ɗaya ko fiye, zaruruwan da ke riƙe da ita kuma sukan miƙa mita da yawa, sannan gaba da bayanta akwai wani hargitsattsen zare da ke tare tsuntsu da manyan ƙwari kafin su yaga ta. Da yawa daga cikin ƙananan masu saƙar faifai sukan cinye saƙarsu su sake sabuwa kusan kullum, amma mai zaren zinariya yakan bar tasa ta daɗe a wuri guda, yana gyara ɓangaren da ya lalace.

Abin da wannan ke nufi shi ne gizo-gizon ba ganyen wata bishiya yake ci ba, balle a ce idan an dasa ta an gama. Abin da yake bukata shi ne tsarin wurin. Yana son dogayen madogara biyu ko fiye, masu tazarar da zare zai iya tsallakewa, da sarari a tsakaninsu inda ƙwari masu tashi ke ratsawa, da ɗan kariya daga guguwa da zafin tsakar rana, da kuma tabbacin cewa madogaran za su tsaya a inda suke har damina ta fita. Kurmi mai duhu ƙwarai bai cika dacewa da nau'in filayen ciyawa ba, gona da aka share tas ba ta da abin ɗaura zare, saboda haka wurin da ya fi samun sukuni shi ne bakin kurmi, da gefen rafi, da tsohuwar saura da itatuwa suka fara komawa, da lambun mangwaro ko kashu da ba a cika feshi ba.

Sai kuma lokaci. A ƙasar da damina da rani suka rabu sarai, rayuwar wannan gizo-gizo takan ƙare cikin shekara guda: 'ya'yan sukan bazu da farkon damina, wasu ta hanyar sakin zare iska ta ɗaga su zuwa wani wuri, su yi ta saɓa, wato tuɓe tsohuwar fata don jiki ya ƙaru, har su balaga a ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da manyan saƙa ke bayyana a hanyoyin gona. A gefen saƙar tamata akan ga ƙananan maza, jajaye ko masu ruwan ƙasa, suna jiran dama, tare da wasu 'yan mitsi-mitsin gizo-gizo masu sheƙin azurfa na reshen Argyrodes, waɗanda ba sa yin tasu saƙar, sai dai su tsinci ƙananan ƙwarin da mai gida ta raina. Bayan barbara tamatar takan zuba ƙwai ɗaruruwa cikin ƙunshin zare, ta manna shi a ganye ko ɓawon itace ko cikin busassun ganyaye kusa da saƙarta, daga nan kuma ba ta daɗewa take mutuwa. Tsawon rani, ke nan, zuriyar gaba ɗaya tana cikin waɗannan ƙunshe-ƙunshe, waɗanda ba su iya gudu ba, kuma wannan ne lokacin da ya fi kowane rauni a rayuwar nau'in.

Obi tana kudu da Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, tana maƙwabtaka da Keana da Awe da Doma, faɗinta murabba'in kilomita 967 ne, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutane kusan 149,000. Alago da Migili da Tibi da Eggon da Gwandara da Hausawa da Fulani suna zaune a garuruwanta irin su Obi da Agwatashi da Daddare da Adudu da Agyaragu, kuma kusan kowa da gona yake rayuwa: doya, rogo, riɗi, agushi, masara, dawa, gyaɗa, wake, da shinkafa a fadamu. Ruwa yakan sauka daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ƙasar kuma ta dogayen ciyayi ce da bishiyoyi warwatse, kaɗanya da ɗorawa da ƙirya da maje da marke da ɗinya, sai kuma siraran kurmi da ke bin rafukan da ke gangarawa zuwa Kogin Binuwai. Idan aka auna wannan da bukatun da aka zayyana, za a ga cewa ƙasar a yadda aka gaje ta mazauni ce mai kyau ga masu saƙar faifai, kuma tsohon tsarin noma, wanda ke barin kaɗanya da ɗorawa a tsakiyar gona ya kuma bar ƙasa ta huta shekaru, bai saɓa wa bukatunsu ba.

Abu na farko da ke sauya wannan tsari shi ne raguwar itatuwa. Doya tana son sabuwar ƙasa, kuma manomi kan kashe bishiyoyin da ya tarar ta hanyar cinna musu wuta a gindi, ya bar su a tsaye doya ta hau, ko ya saro sanduna daga saura. Da yake jama'a sun ƙaru, hutun da ake ba ƙasa ya gajarta, itatuwan ba sa samun shekarun da za su koma. Ga gawayi, wanda buhunansa ke jere a bakin manyan hanyoyin jihar suna jiran motocin Abuja, kuma masu yin sa sun fi son itace mai nauyi irin ƙirya da marke, har da kaɗanya da a da ba a taɓa ta; gwamnatin jihar ta taɓa sanar da haramta sana'ar, sai dai muddin iskar gas da kananzir sun fi ƙarfin aljihun talaka, sanarwa ba za ta kashe kasuwar ba. Ga kuma madobiya, wadda aka yi wa saran ƙare-dangi a tsakiyar Najeriya don kai wa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta ƙayyade cinikinsu tun daga 2017. Ba sai an share daji ƙarƙaf ba kafin gizo-gizon ya rasa wuri: ya isa a cire bishiya ɗaya cikin kowace biyu, tazarar ta wuce abin da zarensa zai tsallake, sai fili ya kasance kore a ido amma babu inda za a ɗaura babbar saƙa.

Abu na biyu shi ne wuta. Ƙonon daji tsohon abu ne a wannan yanki, kuma itatuwansa da ciyayinsa sun saba da shi, don haka ba daidai ba ne a ce kowace wuta ɓarna ce. Bambancin yana ga lokacin da aka sa ta. Wutar farkon rani, wajen Nuwamba, lokacin da ciyawa ke da sauran ɗanyantaka, takan bi ƙasa-ƙasa, ta ci nan ta bar can, ta mutu da kanta idan raɓa ta sauka, kuma ba ta cika shiga kurmin bakin rafi ba. Wutar Janairu zuwa Maris kuwa, wadda mafarauta ke sawa don koro gafiya da gyazbi da zomo, ko makiyayi don samun toho, ko manomi don sharar gona, takan tarar da ciyawa ta bushe ƙayau ga iskar hunturu na kaɗawa, sai ta tashi sama ta lashe ƙananan rassa da ɓawon itace da tarin ganyayen da ke ƙasa, wato daidai wuraren da ƙunshin ƙwai yake. Inda irin wannan wuta ke bi duk shekara, sai dai 'ya'yan da iska ta kawo daga wani wurin da bai ƙone ba su sake cika shi, kuma idan wuraren da ba su ƙone ba suka yi nisa da juna, wannan cikawar takan gagara.

Na uku, wanda ya fi sauran sabunta, shi ne feshi. Cikin 'yan shekarun nan famfon feshi na goyo ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, saboda kuɗin ƙwadago ya yi tsada, kuma maganin ciyawa, ko da bai kashe gizo-gizo kai tsaye ba, yana share ƙananan tsirrai na gefen gona inda 'ya'yan ke ɗaura saƙarsu ta farko, yana kuma rage ƙwarin da suke ci. Maganin ƙwari da ake yi wa wake da kayan lambu, musamman na rukunin da masana ke kira fairetiroyid, shi kam guba ne gare su, kuma bincike a Turai ya nuna cewa saƙar faifai tana tara ɗigon feshin da iska ke ɗauke da shi fiye da yadda girmanta zai sa a zata, domin an yi ta ne don tace abin da ke yawo a iska. Gizo-gizon da ke cinye tsohon zarensa yana haɗiye maganin tare da shi, wanda bai mutu ba kuma yakan koma yin saƙa ƙarama ko karkatacciya da ba ta kama abin kirki. Manomin da ya yi feshi da rana tsaka iska na kaɗawa yana asarar maganin da ya saya, yana kuma kashe masu taya shi yaƙi da ƙwari a bishiyoyin da ke iyakar gonarsa.

Batun amfanin gizo-gizo yana bukatar a faɗe shi ba tare da ƙari ba. Wani ƙiyasi da masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, suka wallafa a 2017 ya nuna gizo-gizon duniya baki ɗaya suna cin abin da ya kai tan miliyan 400 zuwa 800 a shekara, mafi yawansa ƙwari, sai dai kaso mafi girma na wannan yana faruwa ne a dazuzzuka da filayen ciyawa, ba a gonakin da ake nomewa duk shekara ba, domin gonakin ba sa barin su su zauna. Mai zaren zinariya ba ya zaɓe: yana kama ƙuda da fara da malam-buɗe-littafi da shinge, yana kuma kama kudan zuma idan ya ratsa, saboda haka mai amya ba lallai ya yi murna da ganinsa kusa ba. Ba zai maye gurbin magani a gonar wake da tsutsa ta mamaye ba. Abin da yake yi shi ne rage yawan ƙwari masu tashi a hankali tsawon damina, tare da sauran maharba irinsa, kuma shi kansa abinci ne ga tsuntsaye da zanzaro. Zarensa ma ya ja hankalin masu bincike saboda yadda ya haɗa ƙarfi da miƙuwa, kuma a Madagaska an tattara zaren gizo-gizo sama da miliyan ɗaya aka saƙa wani ƙyalle mai ruwan zinariya da aka nuna a birnin New York a 2009, sannan aka nuna wata alkyabba ta irin zaren a Landan a 2012.

A wurin Bahaushe gizo-gizo ba baƙo ba ne: shi ne Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, mai wayon da kan dawo kansa, akwai sura a Alƙur'ani mai sunansa, wato Ankabut, kuma littattafan Sira sun yaɗa labarin saƙar da aka yi a bakin kogon Sauru lokacin Hijira, wanda ya sa wasu ke ƙin kashe shi. Duk da haka girman mai zaren zinariya da launinsa sukan sa a kai masa sanda, kuma duk ƙurjin da ya fito wa mutum da dare akan ɗora wa tautau alhakinsa, alhali sau da yawa wani ƙwaro ne ko wata cutar fata. Dafin wannan nau'in an yi shi ne don ƙwari, shi gizo-gizon ba ya barin saƙarsa ya bi mutum, kuma ko ya ciji wanda ya damƙe shi, abin da aka saba gani ɗan zafi ne da ja a wurin.

Ta fuskar doka da rajista, gizo-gizo yana can baya. Ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya da ake taƙaita sunanta da IUCN, wadda ke fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari tun 1964, ta auna kusan dukkan tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa da aka sani, amma gizo-gizon da ta auna 'yan ɗaruruwa ne daga cikin sama da 50,000, don haka rashin ganin sunan wani nau'i a jerin ba shaidar lafiyarsa ba ce, sau da yawa shaidar rashin dubawa ce. Dokar Najeriya ta 1985 kan halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta fi mayar da hankali ga farauta da cinikin manyan dabbobi, alhali gizo-gizo ba farautarsa ake yi ba, wurinsa ake ɗaukewa. Akwai ƙa'idojin hana ƙonon daji na 2011 a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dajin Marhai na Jihar Nasarawa gandun ƙasa tare da wasu tara a faɗin Najeriya, amma Marhai yana can arewacin jihar, ƙasar Obi kuwa kusan duk gona ce da saura da makiyaya, wadda hukuncinta na yau da kullum yana hannun manomi da mai unguwa da dagaci da fadar Osuko, sarkin Obi.

Saboda haka matakan da za su yi tasiri a nan ƙanana ne, kuma yawancinsu suna da wata riba da manomi ya riga ya sani. Barin 'yan taku na itatuwa da ciyawa a kowane gefen rafi ba tare da sara ko noma ba yana riƙe gaɓa daga zaizaya, yana sa ruwa ya daɗe cikin rani, kuma shi ne mafakar da ƙunshin ƙwai ke tsira a cikinta. Share layin kariya a kewayen lambu da kurmi kafin ciyawa ta bushe, da mayar da ƙonon da ba makawa sai an yi shi zuwa farkon rani, aiki ne da unguwa za ta iya yi da gayya, kuma yana kare rumbun doya da tarin riɗi da ake asara duk shekara. Barin kaɗanya da ɗorawa a gona a tazarar da kakanni suka saba, maimakon a bar guda ɗaya tilo a tsakiyar eka, yana tsare kaɗe da kalwar da mata ke samun kuɗi da su. Feshi da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, da tsayawa 'yan taku kafin iyakar gona, yana rage abin da ke tashi zuwa bishiyoyi. Lambunan mangwaro da kashu da lemo da ke ƙaruwa a kudancin jihar suna iya zama sabon mazauni, muddin ba a share ƙarƙashinsu da magani har ƙasa ta zama tsirara ba. Wahalar ita ce mai hayar gona na shekara ɗaya ko biyu ba shi da dalilin tattalin itacen da ba zai ci moriyarsa ba, kuma inda rikicin manoma da makiyaya ya raba mutane da ƙauyukansu, kamar yadda ya sha faruwa a kudancin Nasarawa, babu mai zaman tsara lokacin sa wuta.

Abin da ya rage shi ne ƙidaya, kuma a nan masu saƙar faifai sun fi yawancin ƙananan halittu sauƙin sha'ani, tun da tamatar babba ce, ba ta barin wurinta, saƙarta kuma ana hango ta daga nesa. Ɗalibi daga Jami'ar Tarayya ta Lafiya ko Kwalejin Aikin Gona da ke garin zai iya zaɓar hanya mai tsawon mita 500 a bakin kurmi, da wata a saura, da wata a lambu, da wata a gonar da ake feshi, ya bi su a ƙarshen damina yana rubuta yawan manyan saƙa da tsayinsu daga ƙasa da irin bishiyar da aka ɗaura su, ya ɗauki hoton kowace tamata ta sama da ta ƙasa, sannan a maimaita a watan da ya yi daidai a shekarun da ke biye. Tantance nau'i da tabbaci yana bukatar a adana 'yan kaɗan cikin sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100, da takarda a cikin kwalbar mai ɗauke da sunan wuri da kwanan wata da sunan wanda ya kama, a rubuce da fensir don kada ruwan ya goge shi, domin ana rarrabe nau'o'in da suka yi kama ne ta duba gaɓoɓin haihuwarsu a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Kayan aikin ba su wuce igiyar awo da littafi da wayar hannu da 'yan kwalabe ba, kuma shekara uku zuwa biyar na irin wannan rubutu sun isa su nuna ko yawan saƙar yana raguwa, da kuma a wane irin fili raguwar ta fi sauri.